Ƙarafan Ragar Filin Ɗorawa Suna Tsakar Gidana, Ba Kuma Zan Bayar Ba

Assalamu alaikum Hajiya Zahara'u,

Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin ya kai ni da ɗan da na haifa muna gaisawa kamar baƙi. Amma ina roƙonki tun kafin in fara, kada ki ce mini in yi haƙuri ki rufe zancen a nan. Na ji wannan daga bakin mai unguwa, na ji daga bakin yayan mijina, har matar da ke kawo mini daddawa ta faɗa mini. Ya ishe ni haka.

Ni tsohuwar malamar firamare ce a Birnin Kudu, shekaruna sittin da ɗaya, na kuma yi ritaya. Na san za ki yi mamakin mace mai jikoki ta rubuto miki a kan ƙwallon ƙafa. Ki dai bi ni a hankali.

Gidan da aka kawo ni ina amarya, katangarsa ta baya ita ce iyakar wani fili da muke kira Filin Ɗorawa, saboda wata tsohuwar ɗorawa da ke kusurwarsa ta yamma. Gonar wani dattijo ce, ya ara wa samarin unguwa su riƙa wasa. Marigayi maigidana mai walda ne, shi ne kuma kocin ƙungiyar unguwarmu, Shaho, tun daga ranar da aka kafa ta har Allah ya karɓi ransa. Duk garin nan Koci ake ce masa, yara da yawa ba su ma san sunansa na yanka ba.

Da farko na tsani filin nan. Sau uku ƙwallo tana fasa mini randa, sau ɗaya ta faɗa cikin tukunyar miya ana gab da saukewa. Ranar miyar ce na ɗauko tsani na hau saman soro don in ga wane ɗan banza ne, in ci masa mutunci. Ina hawa na ga wani siririn yaro ya yanke mutum uku ya ɗirka ƙwallo a raga, sai na manta abin da ya hau da ni. Ban sauko ba sai da aka tashi. Ranar nan da gari da ƙuli muka kwana.

Wasa na gaba maƙwabciyata Tani ta biyo ni. Kafin shekara ta zagayo mun kai mu ashirin, matan aure da zawarawa da tsofaffi. Da maigidana ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya sa aka yi wa soron daɓen siminti, aka gina matakala, aka ja 'yar katanga daidai ƙirjin mai zaune, muna ganin fili ba a ganinmu. Duk lokacin da Shaho ta ci, guɗa muke saki gaba ɗaya. 'Yan wasan da ke zuwa daga Gwaram sun sha faɗa cewa ba 'yan kallon ƙasa suke tsoro ba, guɗar matan soro ce ke kashe musu gwiwa. Shekarar da muka karɓe kofi a hannun 'yan Farin Dutse, bayan sun riga mu da ci biyu, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, amma ko mace ɗaya ba ta sauka ba. Ni nake wanke rigunan wasa, ni nake dafa wa baƙi abinci, ni nake ɗaure wa yara targaɗe kafin a kai su wurin mai ɗori. Shi ya sa suke kirana Uwar Ƙungiya. Ba wanda ya naɗa ni, aikina ne ya ba ni sunan.

Yanzu ga zancen ƙarafan. Da can da itace ake yin turakun raga, gara tana cinyewa. Sai magoya baya suka tattaro tsofaffin bututun ƙarfe, wannan ya kawo daga fadamarsa, wancan daga shagonsa, maigidana ya shafe kwana tara yana yankawa yana haɗawa. Ya ƙera raga biyu, ta gabas da ta yamma. Ta gabas ɗin a gindin katangata take. Duk shekara kafin a fara gasa da hannunsa yake shafa musu farin fenti, har shekarar da ciwo ya kwantar da shi. Yau shekara tara da rasuwarsa.

Dattijon mai fili shi ma ya rasu, magada suka raba gado, suka sayar. Ban ce sun ci haramun ba, haƙƙinsu ne. Amma yadda abin ya zo ne ba zan manta ba. Shekara uku da suka wuce, wata Talata da hantsi, ina tsakar gida na ji ƙasa tana rawa. Na hau soro na ga katafila. A gabana ta tuge ɗorawar nan, ta niƙe matakalar zama da 'yan wasa suka gina da hannunsu, ta bi ta kan ragar yamma ta lanƙwashe ta kamar waya. Da na ga ta juyo gabas, ban san lokacin da na zura hijabi na fita ba, ko takalmi babu. Na rungume turken raga na tsaya. Direban ya kashe inji ya leƙo ya ce, "Inna, ni fa aiko ni aka yi." Na ce masa, "To ka jira a tone su, ko ka haɗa da ni." Allah ya yi masa albarka, ya jira. Sabo tela, wanda ya yi wa Shaho tsaron baya shekara goma sha biyu, da Ɗan'auta mai ganga, da wasu tsofaffin 'yan wasa suka zo da diga suka tone, aka ɗaga aka tsallakar ta katanga. Ga su nan a jingine a tsakar gidana, daga ƙofar ɗakin girki har garken awaki.

Yanzu shaguna ne layi biyu a wurin. Ƙungiya kuma ta samu sabon fili a bayan gari, ta hanyar Gwaram. An ce shimfiɗaɗɗe ne, an kewaye shi da waya. An ce, domin ni ban taɓa zuwa ba. Wace mace ce za ta hau acaɓa ta tafi bayan gari ta kutsa cikin maza ɗari uku ta tsaya a rana? Shekara uku ke nan ko ɗaya daga cikinmu ba ta ga an taɓa ƙwallo ba. Uku daga matan soro sun rasu a tsakanin nan. Kwamitin ƙungiya sun yi taro ya fi a ƙirga a kan sabon fili, amma ba wanda ya tuna akwai mu.

Ba ni kaɗai ba ce na ƙi. Akwai dattawa kamar goma, su Sabo ke nan, da suke kiran kansu 'Yan Ɗorawa. Duk ranar wasa, bayan la'asar, sai su ɗauko bencina su jera a lungun da ke tsakanin shagunan, daidai inda suka auna suka ce nan ne tsakiyar fili. Wani daga can ya riƙa kiran Sabo a waya yana ba shi labari, shi kuma yana faɗa wa sauran, Ɗan'auta na rungume da gangarsa. Ina aika musu da zoɓo. Ni da Tani mu hau soro mu zauna muna kallon kwanon shaguna. Na san abin dariya ne. A yi dariyar. Masu shagunan sun kai ƙara wurin mai unguwa wai ana tare musu hanya, su Sabo suka ce sun riga shagunan zuwa wurin da shekara talatin.

Inda abin ya ɓaci shi ne, autana Izzuddeen shi ne kocin Shaho yanzu, shekararsa ta biyu ke nan. Kuma ƙungiyar ba ta taɓuka komai, bara wasa uku kacal suka ci. Sai samari suka fara surutu wai ni na ɗaure sa'ar ƙungiya a gidana. Wasu suka ce baki na yi musu, wasu suka ce akwai abin da Koci ya binne a cikin ƙarafan. Wata safiya na tashi na tarar an rubuta da gawayi a jikin katangata, wai a sako musu sa'arsu. Na je suna a unguwa, ina shiga ɗaki mata suka yi tsit. Ni da na koya wa rabin garin nan karatu da rubutu, yau ni ake yi wa kallon mai asiri. Ban goge rubutun ba, yana nan, duk wanda ya rubuta ya riƙa gani idan ya wuce.

Sati biyu da suka wuce Izzuddeen ya zo ya zauna a gabana. Ya ce kwamiti sun yanke shawara, ranar buɗe gasar bana, wadda yau saura sati uku, za a sa wa sabon fili sunan mahaifinsa, kuma suna so a kafa ragar da ya ƙera a can. 'Yan Farin Dutse aka gayyato. Na ce ba zan bayar ba. Na ce mahaifinsa ko sau ɗaya bai taka filin nan ba, da wane dalili za a liƙa masa sunansa. Ya yi ta lallashi, ni kuma na kafe. Daga ƙarshe ya dubi ƙarafan ya ce, "Inna, don a zura ƙwallo Baba ya ƙera su, ba don a shanya zannuwa ba." Gaskiya ne ranar akwai zanena a kai, iska ce ta tsinka igiya. Amma maganar ta soke ni. Na ce masa ranar da katafila ta zo yana ina? Yana can bayan gari da 'yan kwamiti suna auna sabon fili, ya bar uwarsa ba takalmi a gaban ƙarfe. Na ce ɗan da bai tsaya wa aikin ubansa ba, ba shi da bakin ambaton sunansa. Ya sunkuyar da kai, ya tashi ya fita.

Tun ranar yana zuwa gaishe ni kullum da safe, amma daga bakin ƙofa, ya durƙusa ya miƙe. Ba ya cin abincina. Matarsa Khuzaima da take kawo mini yara duk Juma'a, sau ɗaya ta zo, ita ma ba ta cire mayafi ba.

Aka kai maganar wurin Yaya Malam, wan maigidana, mai makarantar Islamiyya a unguwarmu. Ya kira ni ya ce ƙarafan nan ba sa cikin gado, tunda jama'a ne suka tara don ƙungiya, ƙanensa aikin hannu ya sa, saboda haka amana ce a wurina. Na ce masa jama'ar suna ina ranar da za a niƙe su? Ba don ni ba, da tuni 'yan gwangwan sun auna su a sikeli. Ya ce wanda ya tsamo akuyar maƙwabci daga rijiya lada yake da shi, amma akuyar ba ta zama tasa ba. Na yi masa sallama na taho. Ba zan ɓoye miki ba, wannan maganar tana dawo mini idan na idar da salla.

Duk da haka, Hajiya, ba zan bayar ba. An ɗauke mini fili, an ɗauke mini ɗorawa, an ɗauke mini kallon da na yi shekara talatin ina yi, ba wanda ya zo ya ce mini sannu. Abu ɗaya da na ƙwata da hannuna shi ne kuma ake so in miƙa, ga shi an haɗa da ƙazafi. In na bayar yanzu, cewa za a yi da ma gaskiya ne, ta ji uwar bari ta sako sa'ar. Su Sabo sun ce in aka zo ɗauka da ƙarfi za su kwanta a ƙofar gidana.

Tambayata biyu ce. Ina da zunubi a kan riƙe su? Kuma ta yaya zan dawo da ɗana ba tare da na durƙusa wa kwamiti ba?

Uwar Ƙungiya,
Birnin Kudu.

AMSA

Wa alaikumus salam Malama,

Ba zan ce ki yi haƙuri ba, domin ba ki rubuto don a rarrashe ki ba. Amma zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba, sannan in faɗa miki inda gaskiyarki take, kuma tana da yawa.

Mu fara da ƙazafin, shi ne mafi muni a duk labarin nan. Ƙarfe ba ya riƙe sa'a, ba ya sakinta. Ƙungiyar da ta ci wasa uku a shekara atisaye take buƙata, ba tsakar gidan tsohuwa ba. Wanda ya rubuta miki a katanga ya zalunce ki, kuma kina da gaskiya da kika ce ba za ki miƙa komai ba alhali wannan magana tana yawo. Wajibi ne kwamiti su tara 'yan wasa da magoya baya, a gaban mai unguwa da Yaya Malam, su ƙaryata ta da bakinsu, su kuma zo su goge rubutun nan da hannunsu. Wannan shi ne sharaɗinki na farko, kada ki sassauta ko kaɗan.

Sai tambayarki ta zunubi. Ni ba malama ba ce, amma abin da Yaya Malam ya faɗa miki shi ne daidai, ke ma kin sani, shi ya sa yake dawo miki a kan sallaya. Da hannunki kika rubuta cewa magoya baya ne suka tattaro bututun. Kin cece su, ladanki yana wurin Allah, garin kuma yana da bashin godiyarki da bai biya ba. Amma ceto bai zama mallaka ba. Mai riƙon amana tana da ikon ta tabbatar za a kula da abin kafin ta miƙa, ba ta da ikon ta hana har abada. Filin ma, in kin duba, aro ne tun farko, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. An yi rashin kirki da ba a sanar da ku ba, amma ranar nan da ma tana tafe.

Yanzu ga abin da na lura. Na karanta wasiƙarki sau biyu. Ni kin gaya mini ainihin ciwon, cewa mata ashirin sun rasa wurin kallo, ba wanda ya tuna da su. Amma ɗanki da ya zauna a gabanki, ba wannan kika gaya masa ba. Kin ce masa mahaifinsa bai taka filin ba, sannan kika jefe shi da maganar katafila. Shi yana can yana zaton kishin tsohon wuri ne kawai ke damun uwarsa. Ta yaya zai gyara abin da ba a faɗa masa ba? Maza ba sa ganin irin wannan sai an nuna musu da yatsa.

Saboda haka ki yi amfani da ƙarfin da ke hannunki. Suna son ƙarafan nan cikin sati uku, ke kuma kina da buƙata. Sharaɗinki na biyu shi ne a yi wa mata rumfa tasu a sabon fili, mai inuwa da kariya da ƙofa daban, ko da ta zana da kwano ce a fara da ita. Na uku, duk ranar wasa a tanadi mota ko adaidaita da za ta kai mata ta dawo da su kafin magariba. A yi alƙawarin a gaban shaidu, ki ga rumfar a tsaye da idonki, sannan ƙarafa su fita daga gidanki. Wannan ba durƙusa wa kwamiti ba ne, su ne za su zo inda kike. In suka ƙi, garin zai san wanda ya hana, ke kuma kin fita.

Kafin nan ki ɗauki Tani ku je ku ga filin ranar da ba wasa. Ba na ce ki so shi ba. Ba daidai ba ne dai ki yi shekara uku kina gaba da wurin da ba ki taɓa gani ba, kuma ke ce kika fi kowa sanin inda ya dace a kafa rumfar mata, inda rana ba ta dukan ido. Batun suna kuwa, ki bar shi. Ba ƙasar aka karrama ba, mutumin da ya raini ƙungiyar aka karrama, 'yan wasan da ke can kuma 'ya'yan almajiransa ne.

Su Malam Sabo ki gode musu, amma ki hana su zancen kwanciya a ƙofa. Rigimar da za ta haɗa dattawa da samarin unguwa ɗaya ba ta da mai nasara, kuma ɗanki ne zai tsaya a tsakiya. Zaman bencinsu ba laifi ba ne in sun daidaita da masu shaguna sun bar hanya. Wanda ya ga dama ya tafi sabon fili, wanda bai gani ba ya zauna, kowa da yadda yake kewar abinsa.

Na bar mafi muhimmanci a ƙarshe. Maganar da kika faɗa wa Izzuddeen ta yi nauyi. Ranar da kike rungume da turke, shi yana can yana nema wa ƙungiyar ubansa inda za ta koma. Ku biyun aiki ɗaya kuke yi, kowa ta ɓangarensa. Yaron da aka gaya wa haka amma bai fasa durƙusawa a ƙofarki kullum ba, ɗan kirki ne, kuma yana jin ciwo. Kada ki jira kwamiti, kada ki aika kowa. Gobe in ya zo gaisuwa, ki ce ya shigo ya zauna, ki ce masa kin janye wannan maganar. Shi ma zai janye tasa. Sannan ki ba shi labarin matan soro daga farko har ƙarshe, har da sunayen ukun da suka rasu. Uwa tana cewa ɗanta "na yi kuskure" girmanta bai ragu da komai ba.

Allah ya jiƙan Koci, ya kai haske kabarinsa. Allah ya daidaita tsakaninki da ɗanki, ya ƙara miki lafiya da ƙarfin zuciya, ya kuma ba Shaho nasara a bana.

Taki,
Hajiya Zahara'u